Jijiyar Masu Gilashi

Shagon gilashin na wa da ƙani ne, kuma duk layin ba mai kiransu da sunan yanka. Babba da Ƙarami ake ce musu, har Ƙaramin ya yi furfura. Suna yanka gilashin taga da na kanta, suna haɗa madubi, suna sa wa hotuna firam. Tebur ɗaya ne a tsakiyar shagon, faffaɗa, an lulluɓe shi da tsohon bargo don kada gilashi ya karce. Madubai kuma na jingine da bango ta ko'ina, mutum in ya shigo sai ya ga fuskarsa da ƙeyarsa lokaci guda.

Waya ɗaya ce a shagon, tana zaune bisa kantar karɓar kuɗi, kuma suna da tsarin da suka daɗe a kai game da ita. In ta yi ƙara, wanda ya fi kusa ya ɗauka, ya maimaita sunan mai kira da ƙarfi kamar yana gaishe shi, idonsa na kan ɗan'uwansa ta madubi. In wancan ya miƙo hannu, a ba shi. In ya girgiza kai, sai a ce, "Ya fita, zan gaya masa." Muryarsu iri ɗaya ce, don haka ko wanda ake nema ne ya ɗauka, yana iya zama ɗan'uwansa na ɗan lokaci. Da haka suka riƙa kauce wa masu aikin da ya yi latti da dangi masu dogon zance. Su a ganinsu dabara ce. Ƙarya ce dai, wadda aka yi ta yi har ta daina ɗaci a baki.

Babba ne ya fara ciwon. Ya je babban asibiti kan tsakuwar ƙoda, aka yi masa hoton ciki, hoton ya nuna wani abu da ba shi aka je nema ba. Babbar jijiyar da take sauko da jini daga zuciya ta ratsa ciki ta kumbura a wuri guda, kamar tiyo da ya tsufa ya yi ƙululu. Aka ce in an bar ta, wata rana za ta fashe, kuma wanda tasa ta fashe ba kasafai yake kai ƙofar asibiti ba. Aka yi masa aiki mai sauƙi. Ba a buɗe ciki ba, an ɗan tsaga gindin cinyoyinsa aka zura wani bututu na ƙyalle da siririyar wayar ƙarfe ta cikin jijiya har wurin kumburin, aka buɗe shi a can jini ya koma bi ta cikinsa. Kafin mako ya zagayo Babba yana shago yana nuna wa maƙwabta da yatsa girman tabon, yana cewa shi ko aski ya fi wannan zafi.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa. Bututun nan ba ɗinke yake ba, kama bango kawai ya yi, yana iya gocewa ko jini ya riƙa zurarewa ta gefensa ya ci gaba da hura kumburin ba tare da mutum ya ji komai ba. Saboda haka duk shekara sai ya koma a yi hoto, har ƙarshen rayuwarsa. Ya koma a shekarar farko. Ya dawo yana mita, wai an hana shi cin abinci, an zaunar da shi yini guda a benci, an ɗura masa wani ruwa a hannu, daga ƙarshe an ce masa komai lafiya lau. Wai in abin da za a gaya masa ke nan, shi ma ya sani tun daga gida.

Shekara ta zagayo waya ta yi ƙara. Ƙarami ya ɗauka. Mace ce, mai murya a natse, ta ce daga sashen jijiya take kira, lokacin hoton Babba ya yi. Ƙarami ya ce, "A'a, asibiti ne? Sannunku da aiki," yana duban madubi. Babba na tsaye da sigari a baki da abin yanka a hannu. Ya girgiza kai. Ƙarami ya faɗi abin da aka saba faɗa. Haka aka yi a shekarar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta.

Wata rana da yamma Babba ya ce bayansa ya riƙe. Ya zauna kan kujerar ƙarfe da ke bakin ƙofa, gumi na keto masa, ya ce iska ce ta shige shi, a samo masa ruwa mai sanyi. Kafin Ƙarami ya dawo da ruwan leɓunansa sun yi fari. Mai fenti na shagon gefe ya kawo mota. A hanya ya cika, kansa a cinyar ƙaninsa. Likitan ƙaramin asibitin da suka fara tararwa ya ga tabon gindin cinya, ya ji bayani, ya ce da alama jijiyar ce. Babban asibiti kuwa ba wanda ya tuna ya sanar da su.

Don haka lokaci na yi waya ta yi ƙara. Muryar nan ce. Ƙarami ya ɗaga ido ya dubi madubi kafin ya san ya yi. Ba kowa a wurin sai teburi da kujerar ƙarfe, amma jikinsa ya ba shi cewa akwai mai tsaye a bayansa yana girgiza kai. Ya ji bakinsa yana cewa, "Ya fita, zan gaya masa." Matar ta ce don Allah ya gaya masa, an daɗe ba a gan shi ba. Ya ajiye waya ya zauna. Bai iya yanka komai ba ranar.

Ya yi niyyar ya kira su ya faɗi gaskiya. Bai kira ba. Shekara ta sake zagayowa ya sake faɗin maganar. In ya ce mata Babba ya rasu, za ta tambaye shi yaushe, kuma ita ta san muryar da ta riƙa sallamarta. Wannan ba kunya ba ce ko kara, tsoro ne, kuma ya san tsoro ne. Ya juya manyan madubai biyu suka fuskanci bango, ya ce wa mai fenti hasken rana ne yake damun idonsa.

Nasa ciwon da kansa ya gano shi. Da rana tsaka yakan kwanta kan teburin ya miƙe baya. Wata rana ya ɗora ƙarfen awo a kan cikinsa, sai ya ga ƙarfen yana ɗagawa yana sauka, ba da numfashi ba, da bugu. Ya ɗora tafin hannu sama da cibiya. Wani abu yana bugawa a can ƙasa, mai ƙarfi, kamar an sa masa wata zuciyar a inda ba wurinta ba. Ya yi shiru da maganar har sai da matarsa ta lura ya daina kwanciya rubda ciki, ta kira 'yarsu ta fari, wadda take aure a wani gari, ta gaya mata. 'Yar ta zo da goyo a baya, ba ta ko zauna ba ta ce ya sa takalmi.

Likitan jijiya mutum ne mai magana a hankali. Ya juyo musu da hoton, ya nuna kumburin da bakin biro, ya ce ya kai girman da ba a bari. Ya ce ciwon yakan bi 'yan'uwa maza, musamman masu shan taba. Ƙarami ya taka ƙafar 'yarsa a ƙarƙashin tebur don kada ta ambaci wansa.

Likita ya ce hanya biyu ce, kuma jikinsa zai ɗauki kowacce. Ta farko ita ce zura bututu ta gindin cinya. Waɗanda suke mutuwa a lokacin aikin ko a makonnin farko ba su da yawa, ciwon kaɗan ne, a koma gida da wuri. Amma sai an riƙa dawowa hoto, kuma wasu sai an sake shiga an gyara. Ta biyu ita ce a buɗe ciki daga ƙasan ƙirji har ƙasa da cibiya, a matse jijiyar sama da ƙasa, a tsaga kumburin a ɗinka sabon bututu da zare. Wannan ta fi haɗari a farko, zuciya da huhu da ƙoda duk suna shan wuya, kuma mutum yakan yi watanni kafin ya dawo daidai. Amma wanda ya tsallake, galibi ya gama da ita. Ya ce in aka bi mutanen hanyoyin biyu shekaru masu yawa, sai a tarar ratar da ke tsakaninsu ta rufe, masu rai a nan sun yi kusan daidai da masu rai a can. Ɗaya tana karɓar haɗarinta a gaba ne, ɗaya tana rarraba shi.

'Yar ta ce ai magana ta ƙare, ta farko za a yi. Likita ya ce ba ita za a yi wa ba, su je gida su yi shawara.

A gida aka yi ta. 'Yar ta zauna a bakin gado da waya a hannu tana karanto masa abin da ta samo, duk a kan yadda mutane suke mutuwa a teburin tiyata in an buɗe su. Ta ce shekarunsa sun ja, ya sha taba tun kafin a haife ta, in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya yana yi kamar yana duba waya. Ta ce hoton shekara-shekara ba wani abu ba ne, ita za ta riƙa zuwa ta kai shi da kanta.

Ya ce, "Ke da ba kya iya zuwa ko suna sai mijinki ya duba ranar hutu?"

"Wannan daban, Baba."

"Da goyo za ki riƙa ɗaukata, ko da tsohon ciki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta buɗe durowar gefen gadon don ta ɗauko katin asibiti, sai ga kwalayen maganin hawan jininsa, kowanne an sha rabi an bari. Ta tsaya tana kallonsu. Ta ɗago ɗaya ta nuna wa uwarta. Uwar ta ce ita ta gaji da magana, mutumin da in ya ji sauƙi kwana biyu sai ya ce likita ne yake son ciniki. 'Yar ta ce to daga yau zai canza. Ƙarami ya ce mutum ba ya canzawa a shekarunsa, sai dai ya ƙara zama abin da yake.

Washegari matar marigayi ta zo duba shi. Tsakaninsu akwai wasa tun tana amarya, ta shigo tana cewa ina ragon da aka ce yana tsoron allura. Ya ɗauka za ta goyi bayan a buɗe, tunda ita ta ga ƙarshen ɗaya hanyar. Ba haka ta ce ba. Ta ce shekarun da Babba ya yi bayan aikin su ne mafi daɗi a zamansu. Ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, bai kwanta ko yini ɗaya ba, ba ta taɓa ɗaukar masa fo na fitsari ba. Ta ce da an buɗe shi ya mutu a tebur, duk wannan ba ta samu ba. Ta ce ita ba ta zargin aikin.

Ƙarami ya tambaye ta to wa take zargi. Ta gyara mayafi ta ce, "Ku gidanku ba ku komawa ne, shi ke nan. Ko tela kuka kai wa ɗinki sai ya biyo ku da shi."

Bai san ko ta san zancen wayar ba. Bai tambaya ba.

Ranar komawa wurin likita ya ce wa 'yarsa ta jira shi a benci zai zagaya. Bai je banɗaki ba. Ya bi wani lungu da ke bayan ɗakin likita, saboda tun zuwan farko ya ji wani abu daga can. Ɗan ƙaramin ofis ne, ƙofa a buɗe, fanka na juyawa a kan kabad. Wata mace mai tabarau, wadda ta kusa sa'ar matarsa, tana zaune da waya a kunne tana cewa don Allah a gaya masa, an daɗe ba a gan shi ba. Shekaru yana jin muryar nan daga cikin waya, bai taɓa kawo mata fuska ba.

Ta ajiye waya ya yi sallama. Kafin ya ƙarasa gaisuwa ta ɗago kai da sauri, fuskarta ta washe.

"Mai gilashi! Yau dai ka shigo hannu. Ka san shekara nawa ina nemanka?"

Ya riƙe bakin ƙofa. Ya ce shi ba Babba ba ne, ƙaninsa ne. Ya ce wansa ya rasu, jijiyar ce ta fashe. Ta yi salati a hankali, ta yi masa gaisuwa, sannan ta tambayi yaushe. Ya faɗa mata. Ya ga tana lissafi a ranta, ya ga inda lissafin ya kai ta. Ba ta zage shi ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta ce ita duk lokacin da aka ce mata mutum ya fita, takan ji daɗi, don mai fita yana da ƙafa. Ta ce akwai irinsu da yawa da take kira, ba ta san nawa ne a cikinsu suke cikin ƙasa ba. Sannan ta mayar da tabarau ta jawo waya, don akwai na gaba.

A ɗakin likita, 'yar ta fara magana ya ɗaga mata hannu. Ya gaya wa likita zancen wansa, abin da ya ɓoye a zuwan farko. Ya tambaya, da Babba ya riƙa zuwa, da an gani? Likita ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, irin wannan yoyon hoto yana kama shi, kuma sau da yawa ana toshe shi ba tare da an buɗe mutum ba. Amma ba zai rantse ba, tunda bai ga abin da ya faru a ciki ba. Ya ƙara da cewa abin da ya sami wansa ba dalili ba ne na ya guje wa aikin, in dai shi zai riƙa zuwa.

Ƙarami ya ce, "Ba zan riƙa zuwa ba. A buɗe."

'Yar ta juyo gaba ɗaya. Ta ce wannan ba zaɓi ba ne, horo ne yake yi wa kansa saboda Baba Babba, kuma ba shi kaɗai zai sha horon ba. Ta ce in ya mutu a teburin nan, ita ce za ta fita ta gaya wa uwarta.

Ya ce, "Zan zo shekarar farko don ke. Ta biyu ma wataƙila. Ta uku za ki kira a ce miki na fita. Ni zan ɗauki wayar in gaya miki da bakina."

Likita ya sake jero masa haɗarin ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai ba, ya sa aka gwada zuciyarsa da huhunsa, ya ce sai ya bar taba tukuna. Ya bari, don wannan abu ne mai ranar ƙarewa, kuma irin wannan yana iyawa.

Aikin ya ci yini. An fito da shi da rai, amma abin da 'yar ta ji tsoro ya biyo baya. Ƙodarsa ta yi sanyin aiki, huhunsa ya kama ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Ya yi kwanaki a ɗakin masu tsananin jinya da bututu a hanci da wani a wuya. A cikin zafin zazzaɓin ya riƙa magana da wani a gefen gado, yana cewa a matsa masa ya ga layin da zai yanka, yana cewa ba shi ya ce a girgiza kai ba. Nas ta tambayi matarsa da wa yake yi, ta ce da abokin aikinsa. Akwai safiyar da likita ya kira su gefe ya ce su yi addu'a, yau ce za ta nuna. 'Yar ta tsaya a jikin bango da goyonta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli kowa ba.

Ya tsallake. Ya koma gida ya rame har wuyan riga na yi masa yawo, da ɗinki tun daga ƙirji har mara. In zai yi tari sai ya rungume matashi. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki tafiya ce da sai an huta. Hoton da aka yi bayan aikin ya nuna ɗinkin ya zauna daram, likita ya ce sai bayan wasu shekaru a leƙa, ko in ya ji wani abu. Amma gefen tabon ya saki ya yi ɗan tudu, aka ce kada ya ƙara ɗaga abu mai nauyi.

'Yar ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Ranar da za ta koma gidanta ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ce ta ga abin da bai gani ba, shi yana barci lokacin, don haka kada ya taɓa ce mata abin ya zo da sauƙi. Ya ce ba zai ce ba. Wa ya fi gaskiya tsakaninsu, ba a sani ba, don mutum ɗaya ba a yi masa aikin biyu a gwada.

Sai da damina ta wuce ya koma shago. Ƙura ta rufe bargon teburin. Aikin farko da ya shigo gilashin ƙofar wani kanti ne, dogo, mai kauri. Masu kawo kaya suka ɗora masa a tebur suka tafi. Ya auna, ya ɗora ƙarfen awo, ya ja abin yanka sau ɗaya tun daga wancan baki har wannan, ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabu tas. Hannun bai manta ba. Ya sa yatsu a ƙarƙashin gefen zai tayar da shi tsaye, sai tudun cikinsa ya ja shi. Ya saki.

Ya daɗe a tsaye, hannu ɗaya a kan tabon. Sannan ya fita a hankali ya leƙa shagon gefe. Mai fenti na zaune yana gauraya launi a bokiti.

"Maƙwabci, in ka gama, zo ka ɗaga mini wani abu."

Mai fenti ya ce ya kama gefe ɗaya ne?

Ƙarami ya ce a'a, duka zai ɗaga, ya nemo wani su zo tare. Ya koma ya zauna yana jiransu.